Kafin in sayi ko noti ɗaya: yadda na tsara injin 383 na Nova ta 1972

Motar da nake magana a kai Chevrolet Nova ce ƙirar 1972 mai ƙofa biyu, na saye ta hannun wani tsoho a wani ƙauye kudu da Columbus nan jihar Ohio, kuma injin da ke cikinta shine dai wanda ta fito dashi daga kamfani, silinda takwas, 350, wato kubik inci 350 ko lita 5.7. Tana tashi tana tafiya lafiya lau, sai dai tana shan baƙin mai, da safe tana hayaƙi shuɗi, in ka taka ta kuma ƙara ce kawai babu gudun da ya kai ƙarar. Ba laifinta bane gaskiya, zamanin da aka haife ta ne. A 1970 Chevelle SS mai injin 454 LS6 ƙarfin doki 450 aka rubuta mata, kwamfireshan ɗinta, wato yawan matse fetur da iska a cikin silinda, 11.25, amma daga 1971 GM, kamfanin da ke da Chevrolet, suka sauke kwamfireshan na injunansu duka domin su iya shan fetur mara dalma, a 1972 kuma aka canza yadda ake auna ƙarfin ma gaba ɗaya, aka koma aunawa da salansa da fanka da komai a jikin injin. Shi yasa 350 ɗina mai ƙaramar kafireta doki 165 ne kawai a takarda, kwamfireshan 8.5. Jikin motar na zamanin ƙarfi ne, injin kuma na zamanin da aka fara ɗaure musu hannu.

Toh niyyata in haɗa mata injin da ya dace da ita, kuma abin da nake so in bada labari anan shine tsarin, tun kafin a ɗaura sufana a kan komai, don wallahi anan ne ake cin riba ko a yi asara.

Abu na farko da nayi shine naje wajen wani dattijo Ba'amurke mai shagon bora da wanke kiranshaf, mutum ne da ya tsufa a cikin irin waɗannan injuna, nace masa yallaɓai ina so in haɗa 350 mai ƙarfi. Bai tambaye ni doki nawa nake so ba. Cewa yayi ina zaka riƙa zuwa da motar, wane fetur zaka riƙa sha, wace giya ce a ciki, nawa ne lambar bakaksil, wato rabon giyar da ke juya tayoyin baya, kuma taya mai wane tsayi. Ya miƙo min takarda da fensir yace in je in cike in dawo. Na koma gida na zauna na faɗa wa kaina gaskiya: motar nan ta yawon ƙarshen sati ce, in ɗauki yara muje shan iska, in je taron tsofaffin motoci, wani lokaci in hau babban titi in yi tafiyar awa biyu ko uku, sannan jefi-jefi in kai ta filin tsere na National Trail da ke Hebron in ga me zata yi a kwatan mil. Ke nan kusan duk rayuwar injin nan tsakanin juyi 1500 zuwa 4500 a minti zai yi ta, ba 7000 ba. Wannan amsar ita ta yanke kusan komai da ya biyo baya.

Saboda akwai lissafi ɗaya da in ka riƙe shi ba mai ruɗa ka: ƙarfin doki shine tok, wato ƙarfin murɗawa a ma'aunin lb-ft, sau juyin injin a minti a raba da 5252. Kaga hanya biyu ce ta samun doki mai yawa, ko dai ka sa injin ya riƙa juyawa sosai sama, ko ka ƙara masa ƙarfin murɗawa tun daga ƙasa. Ta farko tana son kaya masu tsada da bakaksil mai gajeren zango da mota mai wahalar sha'ani a danja, ta biyu kuma ita ce wadda kake ji a bayanka da zarar ka taɓa totur. Ni ta biyun nake so, kuma hanya mafi sauƙi zuwa wajenta a wannan gidan injin na Chevy, wato dangin 350, ita ce 383.

Ga yadda abin yake. 350 faɗin ramin silindarsa inci 4 ne cif, tafiyar fistin kuma 3.48. Akwai ɗan uwansa 400 da aka yi daga 1970 zuwa 1980, shi tafiyar fistin ɗinsa 3.75. Sai makanikai suka gano in ka yi wa bulo ɗin 350 bora na 0.030 ya koma 4.030, ka sa masa kiranshaf mai tafiyar 3.75, zaka samu kubik inci 383, kusan lita 6.3, kuma daga waje ba mai gane bambanci, duk abin da ya ɗauru a jikin 350 zai ɗauru a jikinsa. Da can sai an samo kiranshaf ɗin 400 an wanke wuyansa daga 2.65 zuwa 2.45 kafin ya zauna, yanzu kam sabo ake sayarwa an riga an yi shi daidai. Tunda dai dole zan sayi sababbin fistin kuma dole a taɓa kiranshaf, bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Abokai da yawa sunce min me zai hana ka saka LS kawai, wato sabon gidan injin da GM suka fara a Corvette ta 1997, ka samo 5.3 na akori-kura a yadin tsofaffin motoci da araha ka huta. Maganarsu gaskiya ce ta fuskar ƙarfi, ban musa ba, LS inji ne mai kyau ƙwarai. Amma da na zauna na lissafa abin da zai biyo baya, mazaunin inji daban, kaskon baƙin mai daban, wayoyi da kwamfuta, famfon fetur mai matsi sosai, salansa daban, sai naga arahar ta tsaya a bakin yadi ne kawai. Ban da haka ni ina so in buɗe bonet in ga abin da ya yi kama da 1972, in sa sukundireba in daidaita kafireta da kunnena. Wannan ra'ayina ne kuma ina sonsa har zuciya.

Sai maganar bulo, kuma nan na fi daɗewa ina juya abin. Zaɓi biyu ne: in sauke wanda ke cikin motar in yi aiki a kansa, ko in nemo wani. Na zaɓi in bar na asalin a wurinsa motar tana tafiya har ranar da sabon ya kammala, sannan in ajiye shi a gefe cikakke don wata rana mai son motar yadda ta fito zai neme shi. Wanda na nemo shine 350 na akori-kurar Chevy na ƙarshen shekarun 1990, wanda ake kira Vortec L31, ya fara fitowa 1996. Dalilina uku ne a dunƙule amma babban shine kamshaf. Tsohon bulo tafet ɗinsa, wato ƙarfen da ke hawa kan kamshaf ya tura sandar bawul, mai shafaffen gindi ne, yana gogar kamshaf kai tsaye, kuma irin wannan yana buƙatar sinadarin zink a cikin baƙin mai wanda an rage shi a man zamani saboda yana lalata matatar hayaƙi ta salansa. Ranar da ka fara tada sabon inji mai irin wannan tafet sai ka riƙe shi a juyi 2000 zuwa 2500 na minti 20 zuwa 30 kana addu'a, in ƙullin kamshaf ɗaya ya cinye toh garin ƙarfe ya zaga ko'ina, sai a sake sauke inji. Shi kuwa L31 an yi shi ne da tafet mai ƴar taya a gindi tun daga kamfani, mirginawa take ba goga ba, wannan fargabar babu ita. Ga kuma sil ɗin bayan kiranshaf guda ɗaya ne zagaye, wanda aka fara 1986, ba irin tsohon mai ɓari biyu da ke yawan ɗiga ba. Sannan kyautar da ta zo a kansa, top silinda na Vortec, wanda duk mai harkar nan yasan a cikin na ƙarfe da GM suka yi wa wannan gidan yana cikin waɗanda suka fi shaƙar iska.

Abu ɗaya da na duba da tocila tun a yadin kafin in biya shine gefen dama na gaban bulo ɗin, inda famfon fetur irin wanda kamshaf ke turawa da sanda yake zama, domin waɗannan motocin famfonsu na lantarki ne a cikin tanki, wasu bulo ɗin ba a huda musu ramin sandar famfo ba sam. Nawa akwai wurin amma ba a gama huda shi ba, na rubuta a takarda cewa ko dai dattijo ya huda ko in koma famfon lantarki mai ƙaramin matsi.

Na kwance shi a gareji na jera komai bisa kwali, kowane fistin da lambarsa, kowace hular metal da inda ta fito da inda take kallo. Lokacin ne na kira ogana na Kaduna wanda a hannunsa na koyi aiki muna yara a kan Fijo 504, na juya masa kyamara yana kallo. Yace kai ina silif ɗin? Nace Oga ai wannan babu silif, jikin bulo ɗin ne da kansa ake yi wa bora. Yayi shiru yace toh ka kiyaye, a 504 in silinda ta ci sai ka zare silif ka sa sabo da fistin ɗinsa, wannan kuwa naman da ka yanke ya tafi ke nan, kar ka bari a ci fiye da abin da ya zama dole. Nace in sha Allahu Oga. Kuma abin da dattijon nan ma ya faɗa ke nan da na kai masa, yace ba zai ce min 0.030 ba sai ya wanke ya gwada tsagewa da maganaɗisu ya auna kowane rami sama da tsakiya da ƙasa, kuma kar in kuskura in yi odar fistin kafin ya kira ni. In fistin sun zo kuma shi zai auna su ɗaya bayan ɗaya sannan ya yi gogewar ƙarshe daidai da su, da farantin ƙarfe ɗaure a saman bulo ɗin don ramin ya ɗauki siffar da zai ɗauka in an ɗaure top. Top ɗin ma sai an gwada su domin na Vortec an san su da tsagewa in sun taɓa yin zafi.

Yanzu ga lissafin da ya fi cin min dare, kwamfireshan. Mutane na ɗauka lamba ce da ke rubuce a kwalin fistin, alhali haɗuwar abu huɗu ne ko biyar. A 383 kowace silinda tana share kusan cc 784. Ramin top na Vortec cc 64 ne. In na sa fistin mai shafaffen kai mai ƴan gurabun bawul kamar cc 5, gasket ya ci kamar 9, ɗan abin da ya rage tsakanin kan fistin da saman bulo kamar 1, jimla 79 ke nan, ka haɗa 784 da 79 ka raba da 79 zaka ga kusan 10.9. Wannan yayi yawa ga top na ƙarfe da fetur ɗin gidan mai, ko da mai lamba 93 ne da muke samu a nan, injin zai riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka taka shi a kan tudu da zafi, kuma wannan ƙarar ita ke fasa fistin da ringi. Sai na sake lissafin da fistin mai kwarmi na cc 18, jimla ta koma 92, sakamako 9.5. Nan na tsaya. Kuma akwai wata dabara da dattijon ya nace a kai, wato tazarar da ke tsakanin shafaffen gefen fistin da shafaffen gefen top lokacin da fistin ya kai ƙololuwa, yace a riƙe ta wajen inci 0.040, domin matsewar nan ita ke watsa cakuɗin fetur da iska ya ƙone da sauri. Ma'ana ba a rage kwamfireshan da gasket mai kauri, da kwarmin fistin ake ragewa, shi ma kwarmin a zaɓi wanda ya bar gefe ɗaya a shafe. Don haka za a ɗan share saman bulo ɗin har fistin ya zo kusan daidai da bakinsa.

Kamshaf shine abin da kowa ke fara saya, ni kuma shi na bari kusan ƙarshe da gangan. Na fahimci masu son babban kam, wannan gurnanin da mota ke yi a tsaye tana girgiza yana da daɗin ji, nima ina sonsa. Amma babban kam yana barin bawul a buɗe ya daɗe, ƙarfin ƙasa ya gudu ya koma sama, zuƙar iska a manifol ta ragu har bustan birki ya rasa abin da zai yi aiki dashi, kuma sai ka ƙara kwamfireshan da konbata, wato abin da ke haɗa inji da giyar otomatik, mai sakin jiki sosai kafin ya yi amfani. Da 9.5 da irin tuƙin da na faɗa, abin da ya dace shine matsakaici, wajen digiri 218 zuwa 224 na daɗewar bawul a buɗe, in an auna a ɗagawar inci 0.050. Sannan top na Vortec yana da iyaka, yadda ya fito daga kamfani in ɗagawar bawul ta wuce wajen 0.450 zuwa 0.480 mariƙin sifirin zai fara dukan sil ɗin bawul, toh ko a rage tsayin gaid ɗin a shago ko a canza irin sifirin. Na sa a lissafin aikin dattijo ya rage ya kuma auna kowanne. Wani abin kuma da ya shafi 383 kaɗai, tunda kiranshaf ya ƙara faɗin zagaye, kafaɗar konrod tana iya taɓa ƙasan bulo har ma ta taɓa kamshaf ɗin kansa, shi yasa dole a yi haɗin gwaji a juya da hannu a ga inda za a ɗan goge tun kafin wankin ƙarshe.

Kafireta ma lissafi ne ba ido ba. Girman inji sau juyi mafi yawa a raba da 3456, wato 383 sau 6000 ya bada kusan 665, kuma injin titi baya cika cikinsa ɗari bisa ɗari, don haka Holley mai 650 ta ishe ni, wasu na sa 750 a irin wannan kuma tana yi, ni dai na fi son wadda zata amsa da wuri daga danja. Manifol Edelbrock Performer RPM amma wanda aka yi wa Vortec musamman, domin notinsa takwas ne a tsaye ba goma sha biyu irin na da ba. Distiributa HEI, shikenan, ba wani dogon zance.

Inda tsarin ya fita daga cikin inji ya shiga sauran motar shine giya da bakaksil. Giyar da ke ciki TH350 ce otomatik mai hawa uku, ba ta da ta huɗun hutawa. Lissafin shine gudu a mil sau lambar bakaksil sau 336 a raba da tsayin taya a inci. Da tayata mai inci 26, in na sa 3.73 ina tafiya mil 70 a awa injin yana wajen juyi 3370, tafiyar awa uku a haka ba mutum ba inji duk an gaji. Da 3.08 wajen 2790 ne. In kuma na canza giyar zuwa 700R4 mai ta huɗu 0.70, sai 3.73 ɗin ta dawo wajen 2360 a babban titi, ga giyar farko 3.06 maimakon 2.52. Wannan shine daidai amma aljihu yace ba bana ba. Abin da na yanke shine a gyara TH350 ɗin a sa mata konbata mai kamawa wajen 2200 zuwa 2400 da ƙaramin lagireton man giya, bakaksil 3.08 da maƙullin da zai sa tayoyin baya biyu su ja tare, tunda 383 yana da tok ɗin da zai ɗauki doguwar giya ba tare da ya yi nauyi ba. Kaga ko anan ƙarin girman injin ya rage min kashe kuɗi.

Da na kawo wa maman yara takardar kasafin ta duba tace Abban su, ina kuɗin birki? Nace yana shafi na biyu, tace a dawo dashi na farko. Haka aka yi kuwa, domin motar diram ce ƙafa huɗu, kuma ba hankali bane ka ninka ƙarfin inji fiye da biyu ka bar birkin 1972 da yara a kujerar baya. Birkin faifai na gaba shine abu na farko da na saya a duk aikin nan. Bayansa lagireto babba na alminiyam, sai layin fetur gaba ɗaya daga tanki, bututu mai inci 3/8 da robobi sababbi, saboda fetur ɗin nan yawanci akwai ethanol kashi 10 a ciki kuma yana cinye tsohuwar roba. Na kuma ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ban sa masa suna ba, don ƙananan abubuwa irin su noti da gasket da tiyo da bel da man farko sune ke cinye mutum a ƙarshe. Kayan yawanci daga shagunan kayan mota na Summit da Jegs zan ɗauko, duka biyun ƴan Ohio ne, kaya baya daɗewa a hanya.

Abin da nake sa rai shine wajen doki 400 da tok mai kauri tun daga juyi 2500, kuma na sa kuɗin gwaji a kan daino, wato na'urar auna ƙarfin inji, a cikin kasafin don a fara tada shi a can a daidaita wuta da fetur a ga yoyo kafin ya shiga mota, na fi son in ga lambar da idona da in riƙa faɗin abin da ban auna ba. Lokaci kuma sanyi ne ya tsara min shi, tunda daga an fara zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara ba mai fito da tsohuwar mota, toh watannin nan na aikin gareji ne, burina ta kasance a ƙafarta kafin babban taron tsofaffin motoci na Goodguys da ake yi a filin baje koli na Columbus a watan Yuli.

Shekaranjiya dattijon ya kira yace bulo ɗin lafiya yake babu tsagewa, 0.030 zai share shi tas, amma top ɗaya ya tsage a tsakiya sai na nemo wani mai lamba irin tasa. Na tura odar fistin mai kwarmin cc 18 da konrod mai inci 5.7 da kiranshaf, kuma yace in sun iso in haɗo masa har da ringi da metal da fulin gaba da farantin bayan inji, domin gaba ɗaya ake ɗora su a sikeli a daidaita nauyinsu kafin a yi haɗin gwaji. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan koma yadin neman top ɗin.